Gwanintar Kame Baki

A wajen 1889, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wata bazawara mai dukiya ta gaji da tambayoyin likitanta. Da ta fara magana sai ya katse ta: wannan daga ina ya samo asali, wancan yaushe ya fara? Ranar nan ta ɗaure fuska ta ce ya daina, ya bar ta ta faɗi abin da ke ranta. Likitan Sigmund Freud ne, ita kuwa ya sakaya sunanta da Emmy von N. a littafin da suka fitar da Josef Breuer a 1895. Ya ji maganarta, ya yi shiru. Daga irin wannan shirun aka gina wata hanya ta warkar da ciwon rai wadda babban makaminta kunne ne.

Tsarin da Freud ya zauna a kai daga baya ba shi da wuyar faɗa. Mara lafiya zai kishingiɗa a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayan kansa inda ba za su haɗa ido ba. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ya faɗo maka a rai ka faɗe shi, ko na kunya ne, ko kana ganin shirme ne. Dalili kuwa, Freud na ganin yawancin abin da ke juya mutum a ɓoye yake ga shi kansa mutumin, sai dai ya ɓullo ta mafarki, ko suɓutar baki, ko mantuwa, ko wani hali da yake ta maimaitawa yana cutuwa. Mu mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shi ya haƙura da fuskar, ya dogara da abin da zai ji.

Nauyin da ke kan likitan ya fi burge ni. A shawarwarin da Freud ya rubuta wa likitoci a 1912, ya ce kada mai saurare ya zaɓi abin da zai riƙe, ya bar hankalinsa a shimfiɗe a kan komai daidai wa daida, ya kuma guji rubutu lokacin zaman. Hujjarsa ita ce wanda ya fara zaɓe, abin da ya riga ya sani kawai zai tsinta. Gwada sauraron wani na minti biyar ba tare da kana shirya amsa a zuci ba, za ka san ba ƙaramin aiki ba ne.

A ce wani magidanci ya yi watanni yana zuwa a kan lokaci. Likita ya sanar da shi zai tafi hutun mako biyu. Zama na gaba mutumin ya makara, ya shigo yana murmushi yana ba da haƙuri, ya shafe rabin sa'a yana ƙorafin maigidansa a wurin aiki, wanda ba a taɓa samunsa ranar da ake buƙatarsa. Can ya ce, ba komai dai, shi ya saba. Gwani zai haɗa makarar da ƙorafin da hutun, ya tuna mutumin ya taɓa ambata a gurguje cewa mahaifinsa matafiyi ne. Amma ba zai zazzage masa duka ba. Zai jira, wataƙila ya ce kawai, "Ko tafiyar da zan yi ta taɓa ka?" Idan ya faɗa da wuri, mutumin zai musa ya rufe ƙofa. Idan lokaci ya yi, sai ka ga murmushin ya ɗauke.

Wannan ɗora wa likita abin da ake ji game da uba ko uwa shi ne zuciyar aikin, kuma Freud da tuntuɓe ya koye shi. A 1900 wata budurwa da ya kira Dora ta bar jinya bayan mako 11, daga baya ya amsa cewa bai lura da wuri ba cewa fushinta da mazan da suka dame ta ya koma kansa. A 1950 wata mai wannan sana'a, Paula Heimann, a Landan, ta ƙara wani abu: gajiya ko haushi ko tausayin da ke taso wa likitan shi ma labari ne game da mara lafiyar, a saurare shi.

Ba duk abin da Freud ya faɗa ne ya tsaya da ƙafarsa ba. Wasu ra'ayoyinsa, musamman game da mata, bincike ya bar su a baya, kuma zuwa kwana shida a mako kamar yadda ya tsara sai mai hali. Yau galibi sau ɗaya ko biyu ake zama a mako, fuska da fuska, minti 50. Sauraron ne bai tsufa ba, kuma masu sana'ar ba su yarda ana koyonsa daga littafi kaɗai ba. Cibiyar wannan sana'a da aka buɗe a Balin a 1920 ita ta kafa tsarin horon da ake bi har yau: karatu, da duba marasa lafiya a ƙarƙashin idon babba, da kuma shi ɗalibin ya kishingiɗa a kujerar, wani ya saurare shi.