Sharhi a kan Hujjar Kroah-Hartman Game da Direbobin Linux

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi nazarin wata 'yar maƙala da Greg Kroah-Hartman ya rubuta a 2004, wadda har yau take cikin takardun ƙwayar Linux, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci masu aikin uwar garke. Batun maƙalar shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin ƙwaya da kayan ƙarfe, kamar faifai da katin sadarwa.

2.0 Hujjar Marubucin

Marubucin ya ƙi amincewa da a kafe ƙofofin cikin ƙwaya waɗanda direbobi ke bi. A ganinsa, ƙofar da aka hana gyarawa takan dawwamar da aibinta. Ya buga misali da ƙofofin USB, waɗanda aka sake wa fasali aƙalla sau uku. Shawararsa ita ce kowa ya kai direbansa cikin rumbun ƙwaya na asali, domin a can duk wanda ya sauya ƙofa, shi ke da alhakin gyara direbobin da ke binta.

3.0 Inda Hujjar ta Yi Rauni

A namu ra'ayi, hujjar ta ginu ne bisa zaton cewa rumbun a buɗe yake ga kowa, alhali ba haka abin yake ba. Alal misali, tsarin ajiya na ZFS yana ƙarƙashin lasisin CDDL, wanda masu kula da ƙwaya ke ganin bai jitu da GPL ba, saboda haka yana waje. Da aka rufe wasu ƙofofi a Linux 5.0 a 2019, sai da masu ZFS suka nemi wata hanya. Daɗin daɗawa, kamfanin Red Hat yakan kafe zaɓaɓɓun ƙofofi domin abokan cinikinsa, kamfanin Dell kuma ya ƙirƙiro DKMS a 2003 don sake harhaɗa direba duk sa'ad da ƙwaya ta sauya. Ashe ke nan nauyin bai gushe ba, kafaɗa kawai ya sauya.

4.0 Kammalawa

Mun yarda cewa hujjar ta tsaya da ƙafafunta a wajen mai rubuta ƙwaya, amma ta yi shiru game da ma'aikacin da ke kwana da uwar garke. Don haka muna ba cibiyoyinmu shawara cewa kafin a sayi kowace na'ura, a fara tambaya: direbanta yana cikin rumbun ko yana waje? Rigakafi dai ya fi magani.