Rabi'at da Abdalla: Haruffan da Suka Maido wa Hausa Ƙugiyarta

A cikin kayan aikin da mai shagon buga takardu ke loda wa kwamfutarsa, akwai wasu 'yan fayiloli biyu da nauyinsu bai kai na hoton waya guda ba, amma duk wanda ya daɗe yana karɓar aikin Hausa ya san darajarsu. Sunansu Rabi'at da Abdalla, samfurin haruffa ne da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya tsara a shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ke shigowa ofisoshi da maɗaba'un Arewa ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Har yau ana cin karo da aikinsu a tsofaffin fayiloli da kundayen bincike. Ban taɓa ganin an yi bitarsu yadda ake yi wa littafi ba, alhali sun ɗauki littattafai masu yawa a bayansu.

Sai wanda ya ga halin da ake ciki kafin zuwansu zai gane girman aikin. Baƙaƙe masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta saba wa idon mai karatu da su. Amma tafireta ta ofis da kwamfutar farko, da Turanci aka ƙera su. Mai buga rubutu ya gama shafi, sai ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana ɗora wa k da d da b ƙugiya da hannu. Wani ya sa waƙafin sama, ya rubuta k'asa. Mafi yawa kuwa sai su bar ƙugiyar gaba ɗaya, mai karatu ya yi ta lalube ko baki ake nufi ko baƙi. A daidai wannan zamanin ne littattafan adabin kasuwar Kano ke fitowa kamar ruwan sama, da yawansu haka suka fito ba ƙugiya.

Dabarar da ke cikin waɗannan haruffa ita ce aron gurbi. Abacadar Hausa ba ta amfani da q da x da v, ga su kuma zaune a kan allon bugawa ba aikin fari ba na baƙi. A tsarin da ya fi yaɗuwa a hannun ɗalibai da malamai, in ka taɓa q sai ƙ ta fito, x ta ba ka ɗ, v ta ba ka ɓ. A ɗaya tsarin kuwa maɓallan baka da makamantansu aka ara. Wannan shi ne abin da na fi yaba wa aikin. Bai nemi mai bugawa ya sayi sabon allo ba, bai nemi ya haddace lambobi ba, bai ma nemi intanet ba, wadda a lokacin sai wane da wane. Kwafi ɗaya a faifai, a zuba a babban fayil ɗin haruffa na Windows, shi ke nan. Yatsa ɗaya, harafi ɗaya, gudun bugu bai ragu ba. Wanda ya tsara abin ya san hannun da zai yi amfani da shi, kuma irin wannan sanin ba a kowace manhaja ake samunsa ba, har da masu tsada.

A ido ma haruffan ba su da laifi. Ƙugiyar ta fita sarai, ko da an gurza takardar da tawadar da ta fara ƙarewa aka kuma ɗauki kwafinta, ana bambance ɗ da d. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga takardar jarrabawa ko sanarwar da za a manna a bangon masallaci.

Na zauna na kalli wata mai buga rubutu a wani shago a unguwar Barunde ta Gombe tana aikin wani ɗan littafin fiƙihu da aka fassara. Mai littafin, dattijo, yana gefe a kan benci da rubutun hannunsa. Ɗan yatsanta na hagu yana kai wa q da kansa duk inda ƙ ta zo, ko kallon allon ba ta yi. Da ya ga shafin farko a fuskar kwamfutar, ya ce, "'Yata, haka nake so, kada ki bar ko ɗaya ba ƙugiya, yara ne za su karanta." Ta ce, "In sha Allahu, Baba." Da aka gama ya nemi a tura wa ɗansa a waya ya duba. Nan ne aibin ya bayyana. A wayar, inda aka rubuta ƙasa sai ga qasa, ɗaya ta koma xaya, ɓata ta zama vata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙugiyar tana cikin rigar da aka sa wa harafin ne, ba a jikinsa ba. A wurin kwamfuta q ce har yanzu, an dai zana mata siffar ƙ, kuma da zarar fayil ya je na'urar da ba ta da wannan samfurin sai asali ya fito. Daga nan sauran matsalolin suka tsiro. Injin bincike na intanet ba zai gano maka ƙasa a rubutun da ke ɗauke da qasa ba. Jera kalmomi bisa abacada yana rikicewa. Akwai kuma wadda kowane mai duba kundin digiri ya sani: da an zo jerin manazarta, inda sunayen Turanci suke, sai ka ga Uniɓersity da Oɗford, saboda ɗalibi ya manta ya sauya samfuri a wannan layin. Mayar da fayil PDF yana kare siffar a ido, amma in ka kwafo jimla daga ciki, da q da x ɗinta za ta biyo ka.

Ba na ɗora wa mai aikin laifin wannan. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya fito tun 1991, kuma baƙaƙenmu suna ciki. Sai dai lamba a kundi ba ta buga takarda. Manhajar Word ba ta rungumi tsarin sosai ba sai a fitowar 1997, sanannun samfuran haruffa kuma sun ƙara shekaru kafin su zana ƙugiyar. Tsakanin nan da can dole wani ya ɗauki Hausa ya tsallakar da ita, shi kuwa Farfesa ya yi, da abin da ke hannu a lokacin. In akwai laifi, namu ne da muka zauna a kan tsohuwar hanya bayan sabuwa ta buɗe.

Yau Times New Roman da Arial na kwamfutocin zamani suna da baƙaƙen, haka Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, waɗanda kyauta ake saukewa. Abin da ya rage shi ne yadda za a kira su. A Word, lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Ka rubuta lambar, ka danna Alt da X tare, sai ta rikiɗe. A kula da wani tarko: in harafin da ke gabanta yana cikin jerin a zuwa f, kamar a kalmar baƙo, Word yakan haɗa su da lambar ya ƙi aiki, maganinsa a fara da u+ kafin lambar. Wannan hanyar ta gaggawa ce. Mai aiki kullum gara ya shiga sashen Symbol sau ɗaya, ya ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya, misali Alt da K ga ƙ. Windows ma yana da allon Hausa nasa da ake ƙarawa a sashen harsuna, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows da na tazara. Akwai kuma Keyman, ita ma kyauta, mai alluna na harsunan Afirka. Mai yi wa 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram aiki zai buƙaci ƴ, lambarta 01B4, tunda a Nijar da ita ake rubuta abin da mu muke rubutawa da 'y.

Duk da haka, a gudun bugu babu wadda ta kamo tsohuwar dabarar, shi ya sa masu shago ba sa son rabuwa da ita, kuma ina ganin uzurinsu. Sulhun da na fi so shi ne a buga da q da x da v kamar yadda hannu ya saba, in an gama a danna Ctrl da H a musanya su da na gaskiya. Sau shida ake yi, uku ga ƙanana uku ga manya, tare da kunna Match case don kada Ƙ ta farkon jimla ta ƙanƙance. A zaɓe jikin rubutun kawai, a bar manazarta da lambobin Romawa na shafukan farko, in ba haka ba shafi na xv zai koma ɗɓ.

Aikin da ya fi gaggawa yana kan tsofaffin fayiloli: kundayen bincike, waƙoƙi, fassarorin malamai, rubutun jaridu, duk suna kwance a kwamfutocin da ke tsufa da filashin da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Mai irin wannan ajiya ya fara yin kwafi ya adana na asalin, da fayil ɗin Rabi'at ko Abdalla a gefensa, sannan ya yi musanyar a kan kwafin. In tsarin baka ne, sai ya buɗe shi da samfurinsa tukuna, ya rubuta a takarda wace alama ce ke tsaye a gurbin wane harafi, kafin ya taɓa komai.