Gwanayen raɗa wa kamannin yis suna

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayar yis ɗin da masana ke kira Schizosaccharomyces pombe ba ta da wani kwarjini. 'Yar miƙaƙƙiya ce mai dunƙulallun bakuna biyu, kaurinta bai wuce maikiromita 3 zuwa 4 ba, shi kuwa maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ta bakunan nan take girma, in tsawonta ya kai kamar maikiromita 14 sai ta gina shamaki a tsakiyarta ta rabe biyu. Wani Bajamushe mai suna Paul Lindner ne ya fara bayyana ta a 1893, daga giyar gero ta Gabashin Afirka.

Da wannan 'yar halitta Paul Nurse ya yi aikinsa a Edinburgh cikin shekarun 1970. Ya tattara ƙwayoyin da suka samu tangarɗa a gadonsu, ya zuba musu ido. Wasu sun kasa rabewa, sai dai su yi ta tsawo. Wasu kuma, waɗanda ƙwayar gadonsu mai suna wee1 ta lalace, sukan yi gaggawar rabewa tun suna rabin tsawon da ya kamata. Daga nan ya bi sawu har ya gano abin da ke ba ƙwaya izinin rabewa, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2001 tare da Leland Hartwell da Tim Hunt. Hujjar farko dai ido ne ya kawo ta: wannan doguwa ce, waccan gajera.

To amma me ake nufi da doguwa? Nan ne wata sana'a ta shigo wadda ba kasafai ake jin labarin masu yinta ba, kuma ni a ganina sun cancanci yabo kamar masu leƙa madubin. Yis ɗin nan yana da ƙwayoyin gado kimanin 5,000, an kammala karanta su a 2002, kuma an rubuta dubban maƙalu a kansu. Kowane mai bincike da irin bakinsa. Wani ya ce ƙwayar ta miƙe, wani ya ce ta kumbura, wani ya ce ta yi kama da waɗanda suka kasa rabewa. Mutum zai iya lalubo abin da suke nufi, kwamfuta kuwa sam. Saboda haka masu kula da rumbun bayanan yis ɗin, wato PomBase, wanda ke da tushe a jami'ar Cambridge ta Ingila, suka gina kundin da ake kira FYPO. Midori Harris da Valerie Wood da abokan aikinsu suka gabatar da shi a 2013. Irin wannan kundi ana ce masa ontoloji: kowace siffa tana da suna, da lamba, da ta'arifi, da bayanin wace siffa ce uwarta, waɗanne ne 'ya'yanta.

Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya karanci mandiƙi, kamar a littafin Sullam na Ahalari, zai gane gidan nan da ya shiga. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma daga Aristotle duka suka gado ta: ka ambaci jinsin abu, sannan ka kawo fasalin da ya raba shi da 'yan'uwansa, ta'arifin ya tattaro duk abin da ke ciki, ya kuma hana bare shiga.

Mu koma kan doguwar ƙwaya mu ga yadda gwani ke bi da ita. Kafin ya rubuta layi ɗaya sai ya tambaya: tsawo kaɗai ya ƙaru, ko har da kauri? In har da kauri, wannan kumburi ne, gidansa daban. Tana raye tana ci gaba da rabewa duk da tsawon, ko mutuwa za ta yi? Waɗannan siffofi biyu ne, kowace da lambarta. Cibiyarta ɗaya ce ko sun fi haka? Ta gina shamaki, ko babu, ko kuwa ta jera shamakai da yawa ba ta rabe ba? Lokacin girma na yau da kullum aka gan ta, ko lokacin da take fitowa daga ƙwanson iri? Kowace amsa reshe ce. Abin da ya fi burge ni shi ne kame baki. Mai bincike ya ga tsawo, zuciyarsa ta raya masa cewa rabuwa ce ta tsaya, sau da yawa kuma gaskiyarsa. Amma mai ta'arifi ba ya yarda dalili ya kutso cikin ma'anar tsawo. Abin da ido ya gani shi yake rubutawa. Tsayawar rabuwa tana da nata sunan, kuma sai an kawo tata hujjar.

Wannan taka-tsantsan ba tsirfa ba ce. Akwai dokar da ke riƙe da ginin duka: duk abin da aka liƙa wa wata siffa, dole ya zama gaskiya a kan uwarta da kakarta har zuwa tushe. Da za a yi kuskuren sanya “doguwar ƙwaya” a ƙarƙashin “ƙwayar da ba ta rayuwa”, to duk dogayen da ke raye lafiya kwamfuta za ta lissafa su cikin matattu, kuma wanda ya nemi jerin ƙwayoyin gadon da yis ba ya rayuwa sai da su zai kwashi gurɓataccen jeri ba tare da ya sani ba. Siffa ɗaya kuma tana iya samun iyaye biyu ko fiye. Doguwar da ba ta rayuwa 'yar dogaye ce, kuma 'yar marasa rayuwa ce, ta kowace ƙofa aka shigo za a tarar da ita.

Akwai kuma sanin abin da za a bari a waje. Yawancin ƙwayoyin Nurse lafiya lau suke a zafin digiri 25, sai an kai su 36 aibinsu ke fitowa. Gwani ba ya cusa zafin cikin sunan siffar, gefe yake ajiye shi a matsayin yanayin gwaji. Haka yawan ƙwayoyin da suka nuna siffar, da tsananinta. Yana kuma raba abin da ya shafi ƙwaya guda da abin da ya shafi taronsu, domin taro na iya ci gaba da yaɗuwa alhali wasu 'ya'yansa na mutuwa. Har “babu abin da ya canja” yana da sunaye a kundin, don wanda ya cire ƙwayar gado ya ga siffar ba ta taɓu ba, shi ma ilimi ya samo.

Ba su kuma ƙirƙiro komai daga sama in wani ya riga ya yi. Sassan ƙwaya da ayyukanta sukan aro su daga Gene Ontology, wanda aka fara a 1998. Kalmomin hali, irin su ƙaruwar tsawo ko lanƙwasa, daga kundin PATO. Sinadarai daga ChEBI. Ɗauki hydroxyurea, maganin nan da ake ba masu ciwon sikila, wanda a ɗakin gwaji ake amfani da shi don hana ƙwaya kwafe DNA ɗinta. Siffar rashin jure masa an ɗaure ta da lambar sinadarin ta ChEBI, ma'anarta kuma an kafa ta a kan kwatanci: ƙwayar ta daina girma a adadin da lafiyayya ke jurewa. Da haka mai aiki a kan wani yis daban, ko a kan ƙwayar ɗan'adam, zai iya haɗa nasa sakamakon da wannan.

Kundin bai taɓa rufuwa ba. PomBase tana da manhaja mai suna Canto, inda mai bincike da kansa yake shigar da abin da maƙalarsa ta gano. In ya duba bai ga siffar da ta dace ba, sai ya nemi a raɗa sabuwa, masu kula da kundin su koma kan hotunansa da bayanansa, wani lokaci su mayar masa da tambaya kafin su rubuta ma'anar. Idan kuma daga baya aka gane wata tsohuwar siffa ta haɗa abubuwa biyu da bai kamata su zauna tare ba, ba a goge ta. Akan sa mata alamar an daina amfani da ita, a nuna waɗanda za su maye gurbinta, lambarta kuwa ba a sake ba wa wata siffa.