Jo Tenfjord: Mai Rubutu Ko Mai Gina Rumbu?

Mu masu nazarin adabi mun saba da auna marubuci da littattafan da ya wallafa kaɗai. Ina so in nuna cewa wannan ma'auni yana da gajeren hannu, kuma misalin da zan kafa hujja da shi na wata mata ce 'yar ƙasar Norwe, Jo Tenfjord, wadda aka haifa a 1918, ta rasu a 2007.

Ma'aikaciyar laburare ce, kuma ta rubuta wa yara littattafai. Amma a ganina, ba a nan girmanta yake ba. Abubuwa uku ne suka ɗaukaka ta. Na farko, tana cikin waɗanda suka yi wa ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, hidima tun tana jaririya, wato ƙungiyar da Jella Lepman ta jagoranci kafawa a birnin Zurik a 1953. Na biyu, ita ce ta tsaya tsayin daka har aka kafa cibiyar nazarin littattafan yara ta Norwe a birnin Oslo a 1979. Na uku kuwa shi ne fassara.

A kan fassarar nan nake so mu dakata. Tenfjord ta juya littattafan Astrid Lindgren, marubuciyar nan ta ƙasar Suwidin, zuwa harshen Norwe. To, harsunan nan biyu kamar wa da ƙane suke, baligi ɗan Norwe yana iya karanta na Suwidin ba tare da tafinta ba. Me ya kawo wahalar fassara ke nan? Amsa ita ce, yaro ba ya son labarin da zai riƙa tuntuɓe a cikinsa. Sai ya ji shi da irin bakin da uwarsa take yi masa magana kafin ya shiga zuciyarsa.

Mu dubi kuma abin da ta fassara. A cikinsu akwai labarin 'yan'uwa biyu masu zuciyar zaki, wanda Lindgren ta fitar a 1973. Tun farkon littafin yaran nan biyu suka mutu: babban wajen ceton ƙaninsa daga gobara, ƙaramin kuma da ciwo. Wasu masu tarke sun yi ca a kansa, suna ganin bai kamata a yi wa yara zancen mutuwa haka ba. Wanda ya yarda ya ɗauki irin wannan kaya ya kai wa yaran ƙasarsa, lalle bai raina hankalinsu ba.

Duk da haka, akwai abin tsoro. Idan mutum guda shi ne mai rubutawa, mai fassarawa, kuma mai zaɓen abin da za a jera a kanta, to ɗanɗanonsa yana iya zama doka, sabuwar murya ta rasa ƙofar shiga. Abin da ya kuɓutar da Tenfjord daga wannan zargi, a nawa ra'ayi, shi ne ta bar cibiya, inda wasu za su zo su yi nazari, har su saɓa mata.

Saboda haka in an tambaye ni matsayinta, sai in ce: wani noma yake yi, wani kuma rumbu yake ginawa. Ba don mai rumbu ba, da hatsin bara bai kai bana ba.