Tsokaci Kan Darussa Biyu na Abubakar Imam

Wannan maƙala za ta auna darussa biyu da marigayi Abubakar Imam (1911-1981), haifaffen Kagara ta tsohon Lardin Kontagora, ya ambata a hirarsa da Nicholas Pweddon cewa ya koya wajen Rupert East.

Na farko, kada mai baddala labari ya zama bawan kalmomin asali. In ya fahimci ma'ana, sai ya gwada gwaninta cikin harshensa. Magana Jari Ce shaida ce, domin labaran Alfu Laila da na Turai sun sa rigar Hausa har baƙuncinsu ya ɓace.

Na biyu, kada mugu ya yi nasara. A nan muke da ja. Lalle Waziri ya tozarta, aku ya ɗaukaka. Amma a Ruwan Bagaja, na gasar 1933, Alhaji bai fi Malam Zurƙe tsarki ba. Ya yi ƙarya, ya yi zamba, kuma ya komo Kwantagora da ruwan. Armashin littafin daga nan ya fito.

Saboda haka, malaman adabi su koyar da darasi na biyu da hattara, domin in aka mai da shi farilla, wa'azi zai danne labari.