Scratch ta mai da kibod ɗina kalangu

Jama'a, in akwai manhajar kwamfuta da ta isa a yi mata kirari, to Scratch ce. Ba wanda ya biya ni na faɗi haka, ita kanta kyauta ake sauke ta, ko sisi ba a bayarwa. Idona ne ya gane mini yaron da bai wuce shekara goma ba a nan Makarfi ya zauna gaban kwamfuta bayan la'asar, kafin a kira magariba ya sa kyanwa tana taka rawa a allo da kiɗan da shi ya haɗa da hannunsa. Tun ranar na kamu.

Masana ne a cibiyar MIT Media Lab da ke Amurka, ƙarƙashin Farfesa Mitchel Resnick, suka fito da ita a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kodayake mu masu gemu ma mun ƙi bar musu ita. Samfuri na uku, wanda ake amfani da shi yanzu, ya fito a watan Janairun 2019. Hikimarta ita ce ba ka rubuta wa kwamfuta dogayen umarnin nan da in waƙafi ɗaya ya ɓace komai sai ya tsaya cik. An riga an yanka umarnin bulo-bulo masu launi, kai dai ka jawo wannan ka ɗora kan wancan kamar magini, wanda bai dace da wurin ba kuwa ba zai ma zauna ba. Shuɗi na motsi ne, rawaya na fara aiki, ruwan lemo na maimaitawa, ruwan hoda na sauti. Yaron da bai iya karatu sosai ba ma launin kan yi masa jagora.

Amma inda ta tafi da imanina shi ne ɓangaren kiɗa. Ka buɗe shi, sai ga kayan kiɗa 21, su fiyano da jita da sarewa da marimba, ga kuma ganguna da danginsu guda 18, har da tafi. Sai ka ɗauko bulon da ke cewa in an danna harafin A, ka maƙala masa wanda ke buga sauti mai lamba 60. Harafin S ka ba shi 62, D ya ɗauki 64, haka har layin ya cika. Shi ke nan fa! Kibod ɗin da aka saba buga takardar neman aiki da shi ya koma abin kiɗa. Saurin bugun yana farawa daga 60 a minti ɗaya, kana iya tura shi har 500 in kana son ka ga yara sun faɗi ƙasa don dariya.

Ƙorafina ɗaya, kuma ya ci mini rai da farko: a duk jerin nan babu kalangu, babu kuntigi, babu goge, babu algaita. Sai dai masu manhajar sun bar ƙofa a buɗe, domin tana naɗar duk sautin da ka ba ta. Na je wurin wani makaɗi maƙwabcinmu na ce, "Baba, don Allah bugu ɗaya tak nake so." Ya yi dariya ya buga mini. Na yanke bugun na ɗora shi a kan dogon maɓallin nan na ƙasa. To akwai wani bulo da ke ɗaga sauti ko ya sauke shi: kowane 10 da ka ƙara rabin mataki ne, 120 kuwa ya kai sautin hawa na gaba ke nan. Na sa kibiyar sama ta riƙa ƙara 10, ta ƙasa ta riƙa ragewa. Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya san abin da na kwaikwaya. Yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauko, da haka kalangu ke magana, tunda Hausar kanta da hawa da saukar murya take tafiya. Wallahi da na ji kwamfutata tana ƙoƙarin yin take, sai da tsigar jikina ta tashi. Ba ta kai hannun Baba ba, kuma in ka ɗaga sautin da yawa yakan gajarce, amma shi da kansa ya ja kujera ya ce a ba shi ya gwada.

Zane mai motsi ma bai da wuya. Hoto biyu ko uku na abu ɗaya kake zanawa, ƙafa a gaba, ƙafa a baya, ka ce a riƙa sauya su ana ɗan dakatawa. Wani ɗan yayata ya zana amalanken shanu shaƙe da rake za a kai wurin dafa mazarƙwaila, kowane taku da bugun ganga. Wata yarinya 'yar Hunkuyi kuma ta yi wasan da inabi ke faɗowa daga sama, kai kana tarewa da kwando ta hanyar danna kibiyar hagu da dama, in ka tare a tafa maka. Filin wasan faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, sifili na tsakiya. Ba ta ankara ba ta koyi lambobin da ke ƙasa da sifili, waɗanda a aji suke hana ta sakat, don kawai kada kwandonta ya fice daga allo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma mun sha ganin ɗalibai daga ƙauyukan Ikara da Kudan waɗanda sai jarrabawa ta matso suke fara taɓa linzami, hannu na rawa. Yaron da ya saba kaɗa kalangu da kibod ba zai ji wannan tsoron ba. Ga shi ba dole sai da intanet ba: sau ɗaya za ka sauke ta a kwamfuta, daga nan ba ruwanka da data, aikin da yaro ya yi kuma ana iya kwashe shi a filashi a kai wa abokinsa. Cikin harsuna sama da 70 da aka fassara ta har da Hausa. Masu shagunan koyar da kwamfuta da malaman makarantunmu, don Allah ku saka ta, ko tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɗaukarta.

Yanzu abin da na ƙwallafa rai a kai shi ne Makey Makey, wani ɗan allo da Jay Silver da Eric Rosenbaum suka fitar a 2012, wanda Scratch ta ware masa nasa bulullukan. Kana jona shi da kwamfuta sai ta ɗauke shi a matsayin kibod. Ka maƙala waya ɗaya a jikin ayaba ko wani abu mai danshi, ka riƙe ɗayar a hannu, da ka taɓa ayabar kamar ka danna maɓalli ne. Su can da ayaba suke yin fiyano. Ni kuwa na riga na yi wa wani ɗan'uwana da ke Zariya magana ya nemo mini, kuma da yankakken raken Makarfi da tumatirin Ikara zan jera nawa.