Gidajen Adana Tarihi da Makomar Ƙananan Harsunanmu: Darasi daga Yobe

A kasuwannin Auyo da Shira yau, Hausa ce ke tashi, sai Fulatanci nan da can, har mutum ya ɗauka tun fil azal haka abin yake. Alhali Auyokawa da Shirawa da Teshenawa suna da harsunansu na gado, 'yan uwan Badanci da Ngizim, waɗanda suka ɓace bayan jikokin masu su sun rungumi Hausa. Abin da ya rage na waɗannan harsuna bai wuce 'yan kalmomin da aka rubuta a zamanin mulkin mallaka ba. Da su ne masana suka gane danginsu, amma sun yi kaɗan a ce wani ya koyi harshen da su. Daga nan za a fahimci irin ƙarfin da gidan adana tarihi yake da shi a kan harshe, da kuma iyakar wannan ƙarfi.

Nijeriya tana da harsuna sama da 500, kuma da yawa daga cikinsu suna Arewa: Bauchi, Filato, Gwambe, Yobe, Adamawa, Taraba da kudancin Kaduna. Al'adar tattara su ta bi matakai uku, kowanne da manufarsa.

Matakin farko shi ne na jerin kalmomi. A 1854 wani Bajamushe ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya fitar da littafin Polyglotta Africana bayan ya zauna da 'yantattun bayi a Firitawun ta Saliyo. Ya tambaye su kalmomi kusan 300 a harsuna fiye da 100, ya kuma rubuta garuruwan da aka kamo su. Cikin waɗanda ya zauna da su akwai masu jin Bolanci da Karai-Karai da Badanci da Ngizim da Duwai. Wato mutanen da aka raba da gida da ƙarfin tsiya su ne suka fara shigar da waɗannan harsuna na Yobe cikin littafi. Bayan zuwan Turawa, di'o-di'o da razdanoni sun yi ta rubuta rahotanni a kan ƙabilu, da asalinsu da sarautunsu da 'yan kalmominsu, galibi domin tsara haraji da mulki. Yawancin waɗannan takardu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, shi ma yana riƙe da nasa kason.

Ba a raina wannan gado, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai an tara shi ne domin amfanin mai tambaya. Wanda aka tambaya bai san inda maganarsa ta tafi ba, jikansa kuma bai san tana nan ba. Sannan jerin kalmomi ba ya nuna yadda ake gaisuwa, ko rarrashin yaro, ko yanke shari'a.

Mataki na biyu shi ne na naɗar murya. A Yamai an kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda aka sani yau da CELHTO a ƙarƙashin Tarayyar Afirka. A 2002 kuma aka fara wani shiri a makarantar SOAS ta Landan, wanda ya haifar da ma'adanar ELAR ta harsunan da ke fuskantar barazana, wadda ta koma Balin a 2021. A irin waɗannan wurare ana ajiye hira da tatsuniya da waƙar niƙa da muryar masu su, tare da fassara da bayanin wanda ya faɗa da inda aka naɗa. Wani ci gaba kuma shi ne, ana iya taƙaita masu sauraron wasu abubuwa, domin ba kowace waƙar tsafi ko sirrin dangi ake baza wa duniya ba. Duk da haka, tsohuwar da aka naɗi muryarta a ƙauye ba ta da kwamfuta, jikanta yana lissafin kuɗin data, jerin abubuwan da ke ma'adanar kuwa da Turanci yake.

Mataki na uku, wanda shi ne ma'aunin sauran, shi ne na mayar wa mai kaya kayansa. A nan aikin Yobe ya cancanci a tsaya a kansa. Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya fitar da ƙamus na Ngizim tun 1981, ya haɗa gwiwa da Alhaji Maina Gimba, masani kuma ɗan asalin Bolewa, suka jagoranci binciken harsunan jihar. Abubuwa uku suka bambanta aikinsu. Na ɗaya, 'yan harshen ne suka tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana, kuma sunayensu ne a bangon littattafan. Na biyu, ƙamusoshin da suka fito a 2004, aka kuma faɗaɗa su a 2009, suna ba da ma'ana da Turanci da Hausa. Na uku, a Potiskum aka buga su, inda malamin firamare zai iya riƙe su a hannu. Kalmomin da Koelle ya ji daga bakin bayi a Saliyo ma sun yi amfani, domin Schuh ya yi nazarinsu ya gwada su da yadda ake magana a zamaninsa.

Sanya Hausa a waɗannan ƙamusoshi hikima ce babba. Yaron Potiskum ko Gashuwa da harshen kakarsa ya fara kuɓuce masa, da Hausa yake tunani. Idan ana so ya koma gida, ta ƙofar Hausa zai bi.

Wani misali daga Amurka yana nuna abin da ajiya mai yawa take iya yi. Harshen al'ummar Wampanoag ta jihar Masacusets ya shafe fiye da ƙarni babu mai magana da shi. Amma akwai fassarar Baibul ta 1663, da wasiƙu da wasiyyoyi da takardun filaye da mutanen suka rubuta da hannunsu. Daga 1993 Jessie Little Doe Baird ta jagoranci farfaɗo da shi daga waɗannan takardu, har aka samu yara suna koyonsa. Bambancinsu da Auyokawa shi ne, su an ajiye musu cikakkun jimloli, kuma jikokinsu sun samu isa gare su.

Saboda haka aikin bai ƙare a Kaduna ko Balin ba. Ɗakunan karatu na jihohi da na kwalejojin ilimi su ne suka fi kusa da jama'a, kuma su ya kamata su nemi kwafin duk abin da aka tara a kan harsunan yankinsu, su jera shi da Hausa da harshen masu shi, su sa a wayoyin mutane, su ba gidajen rediyo. Tsofaffin kaset-kaset da takardu kuwa zafi da ƙura da gara ba sa jira, gara a kwafe su tun da wuri.

Mu masu magana da Hausa muna da nauyi na musamman a wannan lamari. Harshenmu ne yake karɓar 'ya'yan maƙwabta, kuma mu ne muka fi yawa a ofisoshin da ke raba kuɗin ilimi da al'adu a Arewa. Mun daɗe muna kukan yadda Turanci ke danne Hausa. Adalci shi ne mu ji irin wannan kuka idan ya fito daga bakin Babole ko Bangizime, mu kuma ware wa harshensa gurbi a ɗakin karatu da kasafin kuɗi tun dattawan da suka iya shi suna raye.